Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Maganarmu ta yau ta shafi duk wanda ya kan fita da safe ya tafi wurin aiki, amma ta fi shafarku, ku akawunan ƙananan hukumomi, magadan En'e ta da, da ku malaman makaranta. Maganar kuwa ita ce horon da ya kamata a yi wa ma'aikata game da ta'addanci, watau yadda za su gane abin da bai dace da wurin aikinsu ba, da wanda za su gaya wa in sun gani, da abin da za su yi in abin da a ke gudu ya auku. Mun sani ba magana ce mai daɗin ji ba, mutane da yawa kuma sun fi so a ce Allah ya kiyaye a wuce. Mu ma muna cewa Allah ya kiyaye. Amma ra'ayinmu shi ne horon nan ya zama tilas a kowane ofis da kowace makaranta, ya kamata kuma a fara shi daga bakin ƙofa, daga maigadi da masinja da mai shara, a riƙa maimaita shi har ya zauna a jiki. Takardar umurni da aka manna a jikin allo ba ta isa a kira ta horo ba.

Kada wani ya ce ai wannan aikin soja ne da 'yan sanda, ina ruwan mai alƙalami. Ku tuna ran Talata 7 ga Yuli, 2015, cikin watan azumi. A ran nan ma'aikata da malaman firamare suka taru a ofishin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, a Zariya, ana tantance su, kowa da takardunsa a hannu yana jiran a zo kansa. Bom ya tashi a tsakiyarsu, mutum 25 a ƙalla suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Kafin wannan, ran Litinin 10 ga Nuwamba, 2014, wani ya sa kayan 'yan makaranta ya shiga taron safe na makarantar kimiyya ta Gwamnati a Potiskum, ya tashi bom ɗin da ya ke ɗauke da shi, aka rasa fiye da mutum 40, galibinsu yara. Kafin wannan kuma, ran 26 ga Agusta, 2011, wani ya kutsa da mota ta ƙofofin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, fiye da mutum 20 suka halaka. Duk waɗannan bayin Allah aiki ne ko karatu ya kai su inda ajali ya same su.

In an duba za a ga dalilin da ya sa miyagu su ke son irin wuraren nan. Taro ne na mutane da yawa a wuri guda, a lokacin da kowa ya sani tun da wuri. Ranar tantance ma'aikata ana shelarta a rediyo. Taron safe na makaranta ba ya sāke lokaci. Ranar jarrabawa da ranar rabon takardun ɗaukar aiki duk gari ya san su. Sa'an nan a cikin taro kowa ya kan ɗauka baƙon da bai sani ba wani ya san shi: akawu ya zaci malami ne, malami ya zaci akawu ne, maigadi kuwa ya ji nauyin tambayar mutumin da ya sa tufafi masu kyau. Ta wannan 'yar tsagar ce ƙadangare ya ke shiga bango.

Domin a ga amfanin horo, bari mu kawo labarin wani mutum daga Amurka. Sunansa Rick Rescorla, tsohon soja ne, shi ne kuma shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley, wanda ofisoshinsa su ke can sama a ɗayan tagwayen benayen Cibiyar Ciniki ta Duniya a birnin New York. Cikin 1993 aka tashi bom a ƙarƙashin ginin, mutum 6 suka mutu, fitar da mutane kuma ya ɗauki sa'o'i cikin duhu da hayaƙi. Mutumin nan ya riƙe abin a ransa. Ya riƙa tilasta wa ma'aikata, manya da ƙanana, su bar teburansu su taru a bakin matakala su sauka bibbiyu, yana tsaye da agogo yana auna su. Manyan kamfanin da ya kan katse musu ciniki ba su ji daɗinsa ba, amma bai fasa ba. Ran 11 ga Satumba, 2001, da jirgi ya bugi bene na farko, sai aka yi shela a nasu benen cewa kowa ya zauna inda ya ke. Shi kuwa ya ɗauki lasifika ya ce a fita. Minti 17 ne tsakanin jirgi na farko da na biyu wanda ya bugi nasu benen, ba a kuma cika sa'a guda ba bayan haka benen ya rushe. Ma'aikatan kamfanin wajen 2,700 ne, kusan dukansu suka fita da rai, domin ƙafafunsu sun riga sun san hanya. Shi ya koma ciki neman waɗanda suka rage, can ya rasu.

Abin lura a labarin nan shi ne mutanen ba su fi mu ƙarfin zuciya ba. Sa'ad da tsoro ya kama mutum hankalinsa ya kan tsaya. Wani ya daskare a kujera, wani ya tsaya tattara takardu da neman makulli, wani ya bi ƙofar da ya saba shiga ko da can ne hatsarin ya ke. Abin da jiki ya saba da shi kaɗai ya kan yi aiki a lokacin. Kowane malami ya san wannan daga aikinsa, gama yaron da aka karanta wa lissafi sau ɗaya bai iya lissafi ba, sai wanda ya yi da hannunsa ya kuma maimaita.

To, mene ne za a koyar? Abu na farko shi ne gani. Ba wanda ya kai ma'aikacin wuri sanin yadda wurin ya saba zama. Mai shara ya san kowane lungu da abin da a kan ajiye a ciki. Maigadi ya san motocin da su kan shigo da masu su. Malamin aji ya san fuskar kowane yaro nasa. Ɗan sandan da aka aiko daga wani gari ba shi da wannan sani, kuma ba ya samunsa cikin mako guda. Abin da ya rage shi ne a gaya wa mutanen nan abin da ya isa a ɗaga kai dominsa: baƙon da ya ke yawan tambayar lokacin tashi daga aiki, ko yawan masu gadi, ko inda 'yan mata su ke kwana, wanda ya ke zagaya shinge yana ɗaukar hoton ƙofofi, wanda ya dawo sau biyu sau uku ba shi da wata bukata da za a iya faɗa, mota ko babur da aka ajiye jikin gini mai shi ya ɓace, kayan makaranta ko katin shaida na ma'aikata da suka ɓace ba dalili.

Game da jaka ko ƙunshin da aka bari, akwai tambayoyi uku da kowa zai iya riƙewa. Ɓoye ta aka yi, ko mantuwa ce a fili? Akwai abin tsoro a jikinta, kamar waya ko batir ko wani baƙon wari? Irin abin da aka saba gani a wurin ne? In amsar ta ba da shakka, kada a taɓa, kada a buɗe, kada a ɗauke ta a kai ofishin shugaba don ya gani. A janye mutane, a yi nisa kafin a buga waya. 'Yan sandan Ingila suna koya wa ma'aikata cewa a ba ƙaramar jaka nisan mita 100 a ƙalla, ƙaramar mota mita 200, babbar mota mita 400, a kuma nisanci gilashin tagogi. Wannan lissafi bai fi ƙarfin kowa ba.

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko wuya, shi ne hanyar da labari zai bi. Sau da yawa an ga abin, an ma faɗa, amma maganar ta mutu a hanya. Ran 22 ga Mayu, 2017, wani ya tashi bom a babban ɗakin wasa na birnin Manchesta a Ingila, ya kashe mutum 22. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa wajen kwata guda kafin abin ya auku wani mutum ya ga saurayin da ƙatuwar jaka a baya yana laɓe, ya je ya gaya wa wani mai tsaron ƙofa, ba a ɗauki maganarsa da nauyi ba. Mai tsaron ƙofa na biyu, yaro ɗan shekara 18, ya gwada kiran manyansa ta rediyon hannu bai samu ba, ya haƙura. Ya gaya wa masu bincike cewa ya ji tsoron kada ya yi kuskure a ce ya nuna wa mutum bambancin launi. Saboda wannan da makamantansa, cikin Afrilu 2025 Ingila ta kafa doka mai ɗora wa masu wuraren da mutum 200 ko fiye su kan taru nauyin shirya abin da ma'aikatansu za su yi in an kawo hari.

A wurinmu abin da ya kan kashe labari a hanya shi ne kunya da tsoron manya. Masinja ba ya shiga ofishin Sakatare sai an kira shi. Ƙaramin malami ba ya so ya ta da hankalin hedimasta a kan abin da watakila ba kome ba ne. Maigadi ya taɓa tsayar da wani babba a ƙofa aka ci masa mutunci gaban jama'a, tun daga ran nan kowa ya zo sai ya ɗaga masa hannu. Sa'an nan ga al'adar ofis ta cewa kome sai a rubuce, sai ya bi ta hannun wane ya kai ga wane. Wannan al'ada tana da kyau ga maganar kuɗi da ƙarin girma. Maganar jakar da aka bari a bayan ƙofa kuwa ba ta jiran fayil.

Saboda haka ya kamata kowane ofis da kowace makaranta a naɗa mutum guda da mataimakinsa, a faɗi sunansu gaban kowa, a ce duk wanda ya ga abu ya tafi wurinsu kai tsaye, da baki, ko wane lokaci ne. Su kuma su riƙe lambar wayar babban ɗan sanda na yankin, da ta 'yan kwana-kwana, da ta asibiti mafi kusa, a rubuce a jikin bango, domin wayar mutum ɗaya ta kan mutu ko ta ɓace. Akwai lamba 112 ta kiran gaggawa wadda ba a biyan kuɗi, a bincika tun yanzu ko akwai cibiyarta a jiharku. A koya wa mutane yadda a ke ba da labari: me aka gani, a ina, ƙarfe nawa, mutum nawa, wane irin tufafi, wace irin mota da lambarta, ina suka nufa. Abu mafi muhimmanci kuma, shugaba ya faɗa da bakinsa cewa wanda ya kawo labari ya zama ba kome ba ne za a gode masa, ba za a yi masa dariya ba. In aka kunyata mutum sau ɗaya, ran da ya ga na gaskiya shiru zai yi. Ku sani kuma dokar hana ta'addanci ta 2022 ta mai da ɓoye labarin da zai taimaka a hana hari laifi ne babba.

A nan lalle mu ja kunne. Abin da a ke lura da shi halin mutum ne da aikinsa. Harshensa da ƙabilarsa da gemunsa da hijabinta ba shaida ba ne. Aikin ma'aikaci kuma ya ƙare da kai labari. Kamu da bincike da hukunci na hukuma ne. Mun ga abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo cikin Maris 2025, inda aka tare matafiya mafarauta masu komawa Arewa don Salla, aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, jama'a ta kashe 16 daga cikinsu ba tare da an kai su gaban kowa ba. Mu da muka ji zafin wannan bai kamata mu yi wa wani irinsa ba. Horon da bai koya wa mutane bambancin zato da shaida ba zai haifi wata masifar ne a kan wadda a ke gudu. Haka nan wanda ya yi amfani da hanyar nan don ya ƙulla wa abokin gabarsa sharri a ofis, ya kamata a hukunta shi hukunci mai tsanani.

Abu na uku shi ne gwaji. Kowane gini ya kamata a san ƙofofinsa duka, a kuma tabbata suna buɗuwa. Ofisoshi nawa ne a ƙasar nan da ƙofar bayansu ta ke garƙame da kwaɗo, makullin yana aljihun wanda ya tafi hutu, ko an jibge tsofaffin fayiloli da karyayyun kujeru a gabanta? Ajujuwa nawa ne da ƙofa ɗaya, tagogi kuma duk da ƙarfe? A zauna a tsara: in wuta ce ko jakar da a ke shakka, ta ina za a fita, ina za a taru? In masu bindiga ne, shawarar da a ke bayarwa ita ce a gudu in akwai hanya, a bar kaya. In babu hanya a ɓuya, a kulle ƙofa, a tokare ta, a kashe ƙarar waya, a nisanci ƙofa da taga. Sa'an nan in an tsira a kira hukuma. Tun da ya ke fita dabam, ɓuya dabam, to, alamarsu ma ta zama dabam, misali ƙararrawa don fita, usur don ɓuya, kada a buga abu guda yara su fito fili su tarbi abin da ya kamata su ɓuya masa. A san wanda zai kama hannun gurgu da makaho da mai ciki, da malamin da zai kula da 'yan aji ɗaya. A makarantun kwana a yi gwajin dare ma, gama a Buni Yadi da Chibok cikin 2014, da Ƙanƙara cikin 2020, da Jangebe cikin 2021, duk da dare aka zo.

Amma gwaji ma yana da ladabinsa. Bayan an kashe mutum 148 a jami'ar Garissa ta ƙasar Kenya cikin Afrilu 2015, wata jami'a a Nairobi ta shirya gwaji cikin Nuwamba na shekarar, da harbe-harbe kamar gaske, ba a sanar da yawancin mutanen ciki ba. Mutane suka riƙa dirowa daga bene, ma'aikaciya guda ta mutu, da dama suka karye. Saboda haka a sanar da ranar gwaji, a gaya wa iyayen yara da maƙwabta da 'yan sanda, kada a yi harbi, kada a sa wani ya yi shigar ɗan ta'adda. A fara da tafiya a hankali, a auna lokaci, a zauna bayan an gama a tambayi kowa inda aka sami cikas, a gyara kafin na gaba. Sau ɗaya kowane zangon karatu a makaranta, sau ɗaya cikin wata uku a ofis, bai yi yawa ba.

Abu na huɗu naku ne, ku akawuna da malamai, ba kuma wanda zai yi muku shi, watau rajista. Sa'ad da aka sace 'yan makarantar Ƙanƙara cikin Disamba 2020, an yi kwanaki ana gardamar yawansu, aka ce 333, da aka sako su aka ƙirga 344. A Kuriga ta Jihar Kaduna cikin Maris 2024 aka fara cewa 287, daga baya Gwamnati ta ce 137 ne. Ku dubi halin uwar da ba ta san ko ɗanta yana cikin lissafi ba. Ku dubi kuma masu neman ceto da ba su san mutum nawa su ke nema ba. Rajistar da aka kira da safe da gaske, da littafin baƙi a bakin ƙofa wanda a ke rubuta suna da wurin wanda aka zo da lokacin shiga da fita, da jerin lambobin iyaye wanda a ke da kwafinsa a wani wuri ban da makarantar, su ne za su nuna cikin minti kaɗan wa ya fito, wa ya rage a ciki. Malamin da ya ke cike rajistar mako guda ran Juma'a daga kansa, ya sani ba hedimasta kaɗai ya ke ruɗi ba.

Abu na biyar shi ne abin da za a yi bayan ƙara ta tashi. Halinmu ne mu ruga mu taimaka, hali ne mai kyau kuwa, amma miyagu sun san shi. Ran 20 ga Mayu, 2014, a kasuwar Taminus ta Jos, bom na biyu ya tashi bayan jama'a sun taru suna ceton waɗanda na farko ya samu, aka rasa fiye da mutum 100. A koya wa mutane cewa 'yan kallo su yi nisa, a bar hanya don motar asibiti, waɗanda aka horar su kaɗai su matsa. A kowane ofis kuma a sami mutum biyu ko uku da suka koyi taimakon farko, musamman tsai da jini, gama wanda babbar jijiyarsa ta tsinke zai iya mutuwa cikin 'yan mintoci, alhali danna raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta zai iya riƙe shi har a kai asibiti. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da wannan, ma'aikatan asibitin garinku ma sun iya. Wannan sani kuwa zai yi amfani ran gobara da ran haɗarin mota, waɗanda sun fi hari yawan aukuwa.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ba kuɗi. Mu duba abin da muka lissafa: naɗa mutum biyu, rubuta lambobi a bango, buɗe ƙofar baya, usur guda, littafin baƙi, sa'a guda cikin wata uku. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma? Katanga da fitilu da na'urar bincike suna bukatar kuɗi, lalle kuma a neme su, amma kada jiransu ya hana abin da za a iya yi gobe da safe. Abin da mu ke gudu shi ne a mai da horon nan taron bita a otal, a kira manya su sha shayi su karɓi alawus da takardar shaida, su dawo su sa ta a aljihun tebur, maigadi da mai shara kuwa ba wanda ya gaya musu kome. In za a kashe sule goma a kan horo, tara su tafi ga waɗanda su ke tsaye a ƙofa da waɗanda su ke tsaye gaban allo.

Wasu za su ce maganar nan za ta tsorata yara da iyaye. Yaran Arewa na wannan zamani sun riga sun ji labarin Chibok da Dapchi, tsoron yana nan ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Yaron da ya san inda zai bi da wanda zai bi ya fi wanda aka bari da tsoro kurum kwanciyar rai. Sai dai a yi musu magana daidai shekarunsu, ba tare da kwatanta jini da gawa ba. Wasu kuma za su ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne. Amma mai wannan magana ya kan kulle ɗakinsa da dare, ya kan kuma kai ɗansa asibiti in ya yi zazzaɓi, ba wanda ya ce ya rasa tawakkali.

Akwai uzuri guda da ya fi sauran nauyi, ba za mu kuwa raina shi ba. Mutane suna tsoron su kai labari sunansu ya fita, a biyo su gida da dare, ko kuwa su je ofishin 'yan sanda a matsayin masu taimako a tsare su a matsayin masu laifi. Wannan tsoro yana da tushe. Muna kira ga shugabannin 'yan sanda da sauran jami'an tsaro su sani cewa duk mai kawo labarin da aka wulakanta, an toshe bakin mutum ɗari. A ɓoye sunansa, a sallame shi da wuri, a kuma nuna masa an yi wani abu a kan maganarsa. In hedimasta ya buga waya da tsakar dare, a ɗauka, a zo. Horon ma'aikata rabin aiki ne, ɗaya rabin yana hannun waɗanda za a kira.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a birnin Oslo cikin 2015, cikin 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufa a kan tsaron makarantu, ta kuma karɓi baƙuncin taron duniya a kan maganar a Abuja. Duk wannan abin yabo ne. Saura a ga amfaninsa a makarantar ƙauye mai aji shida. Muna roƙon Ma'aikatun Ilmi da na Ƙananan Hukumomi na jihohi su sa gwajin nan cikin abin da mai duba makarantu da mai duba ofisoshi za su riƙa tambaya: yaushe kuka yi na ƙarshe, minti nawa ya ɗauka, wa aka naɗa, ina littafin baƙi? Su kuma hana tara ɗaruruwan ma'aikata a fili guda rana guda don tantancewa ko rabon takardu. A raba su kashi kashi, kowane kashi da ranarsa, a kuma binciki mai shiga tun daga nesa da taron. Kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin karatunsu, a kuma koya wa kowane sabon ma'aikaci a makonsa na farko.

Ku kuma masu karatu, kada ku jira takarda daga sama. Wanda ya karanta wannan ya kai wa shugabansa, ya karanta wa maigadi da masinja in ba su iya karatu ba. Cikin makon nan ku zagaya ginin da ku ke aiki, ku gwada kowace ƙofa, ku tambayi junanku wa za a gaya wa, ina za a taru. Iyaye sun ba ku amanar 'ya'yansu, iyalanku kuma suna jiran dawowarku da yamma. Allah ya tsare mu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.